Kwana Ashirin da Takwas

Tun bai taɓa ganin cikin jirgi ba aka fara kiransa Dakta. Ba likitanci zai je karantawa ba, wani abu ne mai dogon suna da ya shafi kasuwanci, amma ubansa Ciyaman ya ce duk wanda ya haye teku neman ilimi Dakta ne, takarda ce kawai ta rage. Shi kansa Ciyaman ɗin, ƙungiyar masu sayar da tayoyi da ya shugabanta ta watse shekara tara ke nan, sunan ne bai samu labari ba.

Ranar da jami'ar ta aiko da amsa aka tara mutanen gida a falo. Ciyaman na kan kujerar da har yau ba a cire mata leda ba. Matarsa na gefe, wadda 'ya'yanta ke ce wa Inna har ranar da aka sa wa falon tayil, daga nan ta koma Momi. Dakta ya miƙe ƙafa yana karkaɗa ta. Gwaggo, yayar Ciyaman, tana bakin ƙofa a kan tabarma da tabaranta mai kauri. Karatun wasiƙar kuwa sai ƙanwar Dakta, wadda suke kira Sakatariya, don duk takardar da ta shigo gidan ita ke karantawa, ita ke cikewa. Daga sakandare aka ce ta ɗan jira tukuna, tana nan tana jira. Turancinta a waya ta ƙarasa koyo, kuma ita ta yi wata uku tana yi wa yayan nata bita kafin ya tsallake jarrabawar Turanci da ƙyar.

Ta bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon sakandare, akwai. Fasfo, akwai. Gwajin tarin fuka, an yi. Kashin farko na kuɗin makaranta, an sayar da fili an biya. Sai ta zo na ƙarshe, ta rage murya.

"Sun ce kafin a ba shi biza sai an nuna kuɗin zamansa na wata tara. Haya, abinci, mota. Kuma kuɗin su kwana ashirin da takwas a jere a banki, kada su ragu ko da sisi."

"Nawa ne?" in ji Ciyaman.

Ta faɗa. Ledar kujera ta yi ƙara. Ƙafar Dakta ta daina rawa.

"Mutum ɗaya zai ci wannan? Zinariya suke dafawa?" in ji Momi.

"Tsaya," in ji Ciyaman. "Kashewa aka ce ko nunawa?"

"Nunawa."

"To ai shi ke nan."

Ya juya ya dubi bakin ƙofa. Kowa ya bi idonsa.

Kowa a gidan ya san Gwaggo na da kuɗin, don takardar asibitinta ma a falon nan aka karanta. Idonta na hagu ya mutu tun tuni. Na dama ne likita ta ce ruwan cikinsa na matse jijiyarsa, maganin ɗigawa ya kusa daina riƙe shi, sai aiki. Shi ya sa ta sayar da shagonta na ɗinki na shekara talatin, ta bar wa kanta keke ɗaya, aka sa mata ranar aiki nan da mako biyu.

"Yaya," in ji Ciyaman, da muryar da yake sayar da tsohuwar taya, "wannan ko aro ba za a kira shi ba. Baƙunta kuɗin za su je akawun ɗina, su kwana su dawo."

"Likita fa ta ce kada in wuce wata."

"Ashirin da takwas ai bai kai wata ba. Lissafi ne, Yaya."

Gwaggo ta karkato da kanta yadda take yi in tana neman mutum da idon mai gani.

"'Yar gidana, haka takardar ta ce? Ba za su taɓa ba?"

"Haka ta ce, Gwaggo."

Gaskiya ta faɗa. Daga baya ta sha juya maganar nan a ranta, ba ta sami ƙarya a ciki ba, kuma hakan bai rage mata komai ba.

Washegari aka je banki. Sakatariya ce ta buga takardar rantsuwar da Ciyaman ya sa wa hannu, cewa kuɗin nasa ne na kansa, ba na kowa ba. Ya sa hannun da wani dogon zane mai wutsiya.

Ɗakin Gwaggo na bayan kicin. Da sito ne, har yanzu akwai ƙusoshin kantar kaya a bango. Taga ɗaya, katifa, akwatin ƙarfe, sai keken ɗinki a inda haske ke sauka. Sakatariya ta rataye kalanda a ɗaya daga cikin ƙusoshin, kullum da safe ta soke rana ɗaya.

Kwana biyar, Gwaggo ta miƙo mata allura da zare.

"Zura min. Masu alluran yanzu ba sa huda su da kyau."

Kwana tara, ciwon kai ya zo, irin mai sa amai. Ta ce in ta dubi ƙwan fitila tana ganin zobe mai launi-launi ya kewaye shi. Kwalbar maganin ɗigawa ta ƙare, ko an matsa sai iska. Sakatariya ta sami Ciyaman a ƙofar gida yana goge takalmi.

"Dadi, maganin Gwaggo ya ƙare."

"To?"

"Kuɗinta na wurinka."

"Ke da bakinki kika karanta mana. Ko sisi. Ko so kike a ce ni na karya dokar Turawa?"

Momi ta leƙo daga kicin ta ce yawan ɗinki ne, ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta ɗora. Sakatariya ta kwashe abin da take samu na cike wa maƙwabta fom ta je kemis. Mai kemis ya ce wannan ba zai sayi na likita ba, amma akwai ƙanensa. Ta karɓo ƙanen.

Ranar da aka sa za a yi aikin, suka je asibiti don a ɗaga. Likitar ido wata 'yar siririya ce marar yawan magana. Ta haska idon, ta auna, ta ajiye abin awon da ƙarfi.

"Mama, na gaya miki abin da ya tafi ba ya dawowa. Me kuke jira?"

"Ɗan ƙanena ne zai tafi karatu waje," in ji Gwaggo, har da ɗan murmushinta.

"Da idonki zai tafi?"

Aka ba su wata ranar, kwana biyu bayan cikar wa'adin banki.

A gida kuwa baƙi ba sa yankewa. Ciyaman ya haddace tsadar can kamar karatun allo, yana bi da ita kan duk wanda ya zauna.

"Kun san nawa ne kofin shayi a can? Kuɗin cefanen gidanku na kwana biyu. Ɗaki kuwa, ɗan tsut haka, hayar watansa ta fi ta shekararku." Sai ya jingina, kamar shi ya sa farashin.

Dakta ya samo wata jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo, yana sa ta da tsakar rana yana gumi, wai yana saba wa jikinsa. Maganarsa ma ta koma ta hanci. Ya daina cewa ruwa da Hausa, sai da Momi ta kawo masa man shafawa sau biyu kafin ta gane abin da yake nema.

Kwana ashirin da uku, Gwaggo ta ce duniya ta koma mata kamar ana jan labule daga gefe da gefe, saura tsakiya. Amma ta shafa kalanda ta ce, "Biyar ai kamar gobe ne."

A ranar ne mai a-kori-kura ya sauke kwali huɗu a tsakar gida. Momi ta yanka ɗaya da wuƙa, ta zaro kofi fari tas. A jikinsa ga Dakta ya harɗe hannu, da hular kammala digiri da aka aro wurin mai hoto, an rubuta taya murna da ruwan gwal. Guda ɗari biyu, na rabawa ranar liyafar ban kwana.

Sakatariya ta juya kofin a hannunta.

"Dadi, da wane kuɗin?"

"Ɗan abin da ke sama na taɓa."

"Babu komai a sama. Na gaya maka canjin kuɗin waje ya tashi ya cinye rarar."

"Na mayar washegari! Dare ɗaya! Bankin ma bai lura ba."

Ofishin ejan da ke shirya takardun tafiyar yana hawa na biyu, saman wani shagon katifa. Taswirar duniya a bango, da agogo uku masu nuna lokacin manyan birane, duka ukun a tsaye. Ana saura kwana biyu wa'adin ya cika Ciyaman ya kai takardun can. Ejan ya bi takardar banki da bakin biro, ya tsaya a layi ɗaya.

"Ranka ya daɗe, nan kuɗin sun sauka ƙasa da abin da ake so."

"Dare ɗaya ne."

"Ko minti ɗaya ne. Su ba su san dare ba, lamba suka sani. Sai a sake ƙirga daga ɗaya."

"Ba wanda za a gani?"

"Na'ura ce ke dubawa, ranka ya daɗe. Ba ta shan shayi."

Da la'asar Ciyaman ya shiga ɗakin bayan kicin, karo na farko tun da aka kwashe buhuna daga ciki. Ya tsaya don babu kujera.

"Yaya, mutanen nan ba su da tabbas. Sun canza doka. Wai sai an ƙara wasu kwana ashirin da takwas."

Gwaggo ta karkato kai tana lalubar inda yarinyar take.

"'Yar gidana, haka ne?"

Sakatariya ta dubi ubanta. Ya zaro mata ido.

"Kofuna ya saya, Gwaggo. Masu hoton Dakta. Shi ya ɓata lissafin."

"Ke! Ni kike ƙaryatawa a gaban 'yar uwata?"

"Bar ta," in ji Gwaggo. Muryarta ba ta tashi ba. "Ƙanena, ba ni kuɗina. Jibi bayan jibi aka ce in je."

Nan fa dalilai suka fara shigowa ɗakin ɗaya bayan ɗaya, har wuri ya yi musu kaɗan. Ciyaman ya ce in aka cire yanzu makaranta za ta rufe karɓa, kuɗin fili ya bi ruwa. Ya ce duk gari ya ji labari, da wane ido zai dubi mutane. Momi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita dai ba ta so a wayi gari ana cewa gwaggon yaro ce ta tare masa hanya, don bakin mutane ba shi da kyau. Dakta ya leƙo ta saman kafaɗarta da rigar sanyinsa.

"Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. A can na'ura ce ke yin aikin ido, minti biyar. Ina zama daidai zan aiko a ɗauke ki, a gyara miki duka biyun."

"Har wanda ya mutu?"

"Har shi. Ba ki san can ba ne."

"Kai ka san can?"

Ya ja kansa ya koma.

Gwaggo ta sake cewa, "Ba ni kuɗina." Ciyaman ya dubi agogon hannunsa ya ce ana jiransa a wani taro. Kuɗi na akawun ɗinsa, da takardar rantsuwa cewa nasa ne. Sakatariya ta san kowace kalma a ciki, yatsunta ne suka buga.

Ta sauke kalandar ta juya sabon shafi.

Ƙirga na biyu ya fi na farko tsawo. Kwana huɗu, Gwaggo ta kai hannu za ta ɗauki kofi ta kama butar shayi mai zafi, tafin hannunta ya tashi. Kwana bakwai, ta gaida rigar sanyin Dakta da aka shanya a igiya, har tana tambayarta mutanen gida. Wasu baƙin Momi biyu suka gani suka ƙunshe dariya. Da suka tafi Momi ta ce, cikin lallashi, gara Yaya ta riƙa hutawa a ɗaki in an yi baƙi, saboda lafiyarta. Kwana goma sha ɗaya ta tuntsura a matakalar banɗaki, goshinta ya fashe. Ciyaman ya ce a sa mata filasta, ya kuma yi faɗa a kan wanda ya bar wurin a jiƙe.

Sakatariya ta je wurin wani kawunsu neman taimako. Ya ce maganar cikin gida ce, ba ya shiga tsakanin ya da ƙane. Ta je asibiti ta tambaya ko za a yi aikin a biya daga baya. Mai karɓar kuɗi ya nuna mata wata takarda da aka manna a gilashi, bai ma ɗago ba.

Gwaggo ba ta daina ɗinki ba. Kullum da safe yarinyar na zura mata allurai biyar ta soke su a jikin matashi, ta ɗaura mata zaren keke. Gwaggo ta karɓi rigar sanyin ta ce za ta yi mata aljihun ciki, inda zai riƙa ɓoye fasfo, don ta ji an ce can ma akwai ɓarayi.

Ranar sha tara ga ƙirga na biyu, Sakatariya ta shigo da shayi da hantsi, ba takalmi a ƙafarta, ta tsaya ta wajen taga. Rana ta cika ɗakin. Gwaggo ta ji motsin cokali, ta ɗago ta yi murmushi.

"Yau kin yi kyau, 'yar gidana. Wannan ɗankwalin na karɓarki."

Bango take kallo, wajen ƙofa, inda yarinyar ta saba tsayawa. Kuma babu ɗankwali a kan Sakatariya.

Ta ajiye shayin a hankali don kada ya zube.

"Gwaggo, tun yaushe?"

Murmushin ya ɗan tsaya, sannan ya sauka.

"Shekaranjiya. Na ce in bari a cika kwanakin, kada a ce ni na sake ɓata lissafi."

A asibiti likitar ta haska idon ta daɗe. Ta kashe fitilar ta sa a aljihu. Ba ta yi faɗa ba wannan karon, abin da ya fi tsorata Sakatariya ke nan. Ta rubuta maganin rage ciwo, ta ce aiki ba shi da sauran amfani.

Ciyaman ya ji labari a falo. Ya yi salati, ya cire hula ya shafa kai, har idonsa ya yi ja. Ya ce ƙaddara ba ta da magani, ya ce likitocin nan ma wa ya sani, da an yi aikin wataƙila da abin ya fi haka muni. Ledar kujera ta yi ƙara.

"To yanzu tunda aikin ba zai yiwu ba," ya ce, yana kallon silin, "ga tikitin jirgi. Ga kuɗin ajiya na ɗaki, wata biyu suke so. Ga inshorar lafiya, wai dole ne, kada yaro ya yi ciwo a can babu mai duba shi."

"Lafiya ai ita ce gaba da komai," in ji Momi.

Biza ta fito. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun haya, aka raba kofuna. Ciyaman ya riƙe abin magana ya ce shi mutum ne da bai yarda da wasa da ilimi ba, shi kaɗai da guminsa ya tsaya wa yaron nan, bai nemi sisin kowa ba. Aka tafa. Sakatariya na jin tafin daga ɗakin bayan kicin, tana shafa wa Gwaggo magani a tafin hannu.

Da taro ya watse Dakta ya shigo da gudu, fasfo a buɗe.

"Gwaggo, duba! Ga ta nan!"

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya tsaya da hannu a miƙe. Gwaggo ta lalubo fasfon, ta bi shafin da yatsa, ta kewaye gefen 'yar takardar da aka manna.

"Ita ke nan? Ko aljihun yaro ba ta kai ba." Ta mayar masa, ta jawo rigar sanyin daga ƙarƙashin matashi. "Sa ta a nan ciki. Akwai maɓalli. Allah ya tsare, ya ba da abin da aka je nema."

Ɗinkin ya miƙe sar, ko kuskure ɗaya babu. Zaren ne kawai ja a kan baƙar riga. Momi ta gani ta ce ba komai, ai daga ciki ne, ba mai gani.

Wata biyu da tafiyar Dakta ya aiko da saƙon murya. Hancin ya washe, da muryarsa ta gida ya yi magana. Ya ce su huɗu ne a ɗaki, ya ce kuɗin wata tara ɗin nan ashe ba na nuni ba ne, da gaske haka ake kashewa, ya ce burodi yake ci safe da yamma, a taimaka. Ciyaman ya saurara sau biyu, bai kira baƙi su ji wannan ba. Ya tashi ya nufi bayan kicin, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wajen taga.

"Keken nan ai Yaya ba ta amfani da shi yanzu."

Sakatariya na zaune a kansa, ƙafarta a kan feda. Mako uku ke nan tana koyo. Gwaggo na gyara mata da kunne, daga ƙarar allura take gane in layi ya karkace.

"Ana amfani da shi," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Akwai wata wasiƙa kuma daga makarantar, ki zo ki karanta min."

"A aika wa Dakta ya karanta."

Ta taka feda. Ya daɗe a tsaye yana jiran ƙarar ta tsaya, ba ta tsaya ba, ya tafi.

Kofuna sittin da wani abu suka yi saura, don haka Momi ta kwashe tsofaffin na gidan ta ba da su. Yanzu kowa da fuskar Dakta yake shan ruwa. Da Sakatariya ta kawo shayin yamma, Gwaggo ta riƙe kofin da hannu biyu, ta shafa jikinsa, ta ji inda rubutun gwal ya ɗan taso.

"Wannan ne kofin?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Ya yi kyau a hoton?"

"Ya yi. Har da hula."

"To madalla." Ta miƙo shi. "Juya min shi fuskar ta dubo ni. Ni dai ba zan gan shi ba. Shi ya gan ni."